Takardar Karo-Karo da Sankarar Mama a Tina Junction

Duk wanda ya zauna a Jos ya san Tina Junction, mahaɗar nan da ke kan titin da ya kewaye gari ta wajen hanyar Bauchi, maƙwabciyar Dutse Uku da Unguwar Rukuba, inda tun da sassafe, sanyin tsauni bai saki mutane ba, za ka tarar masu Keke Napep sun jeru suna kiran fasinja, masu ƙosai sun hura wuta, masu tumatir da kabeji da dankalin Turawa suna kwance buhuna, ma'aikata da 'yan makaranta kuwa, kowa cikin rigar sanyinsa, suna ta tsallaka titi. Wanda ya daɗe a garin ya san wani abu kuma da baƙo ba zai gani ba, watau cewa fitinun da suka auka wa Jos a 2001 da 2008 da 2010 sun bar tabonsu a wannan yanki, domin ta watan Janairun 2010 a Dutse Uku ta tashi, kuma tun daga wancan zamani unguwanni suka rarrabu, Musulmi suka tattaru a gefe guda, Kirista a gefe guda, har ya zamana mutanen da iyayensu suka yi maƙwabtaka shekara da shekaru ba su cika haɗuwa ba sai a kasuwa, ko a asibiti, ko a wurin aiki.

A wata makaranta da ba ta da nisa da mahaɗar nake koyarwa, ɗakin malamanmu kuwa ya tara Bahaushe da Birom da Afizere da Ngas da Bayarabe da Ibo, masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, kuma kamar kowace ma'aikata a ƙasar nan muna da takardarmu. Idan an yi haihuwa, ko za a ɗaura aure, ko an yi rashi, sai ma'ajin asusun taimakon juna ya yago takarda daga littafi, ya ja mata layi uku, na suna da na kuɗi da na sa hannu, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Abin da shekaru suka nuna mini shi ne takardar ta'aziyya ta fi kowace saurin cika, ta jinya kuwa ba a fitar da ita sai ciwo ya kwantar da mutum kowa ya shaida. A yawancin cututtuka wannan jinkiri hasara ce da za a iya jurewa, amma a sankarar mama, ko da yake ajali na Allah ne, ta fuskar sababi jinkirin nan shi ne yake kashe mata, saboda haka 'yan kuɗin da aka ba mace ranar da ta fara jin ƙullutu a ƙirjinta sun fi amfani nesa ba kusa ba a kan ɗimbin da za a tara mata bayan ciwon ya fashe. Gudummawa a wannan ciwo kamar ruwan sama take, wanda yayyafinsa a lokacin shuka ya fi mamakonsa bayan hatsi ya bushe a gona.

Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a 2022 an sami mata kimanin miliyan 2.3 da wannan ciwo a duniya, kimanin 670,000 suka rasu. A Nijeriya kuwa an ƙiyasta sababbin masu ciwon sun haura 32,000 a shekarar, waɗanda suka rasu sun haura 16,000, watau kusan rasuwa ɗaya ke nan a kan kowace biyu da aka gano. A ƙasashe masu wadata fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon suna wuce shekara biyar da rai, alhali ciwon ɗaya ne, magungunan ma kusan ɗaya ne. Babban bambancin shi ne matan can suna isa gaban likita ciwon yana matakin farko ko na biyu, namu kuwa mafi yawansu sai a mataki na uku ko na huɗu, kuma da yawa daga cikinsu shekarunsu ba su wuce arba'in da 'yan kai ba, suna da yara ƙanana a gabansu.

Ni wajen wanka na ji nawa, ɗan ƙullutu mai tauri a gefen nonon hagu ta wajen hammata, ba ya motsi sosai, ba ya kuma ciwo ko kaɗan, kuma rashin ciwon nan shi ne babbar yaudarar wannan cuta, domin mu mutane mun saba auna haɗarin abu da zafinsa. Na gaya wa maigida a daren, ya ce lalle a je asibiti, amma wata ya yi nisa, an biya kuɗin makarantar yara, ba abin da ya rage sai na cefane, muka tsayar da magana a kan idan an yi albashi. Akwai wata dattijuwar malama a cikinmu, Kirista ce 'yar asalin Filato, dukanmu Mama muke ce mata, ita ce kuma ma'ajin asusunmu a lokacin. Ta same ni ni kaɗai a ɗakin malamai ina duba littattafan yara, ta zauna kusa da ni ta ce, "Malama, 'yata, kwanan nan ba ki da sukuni. Ko gida ne ba lafiya?" Na yi niyyar in ce ba komai, sai na ji bakina ya faɗi gaskiya. Ta yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ta ce, "Ƙanwata ma albashi ta jira. Gobe da safe za ki asibiti, ni zan riƙe miki ajinki." Ta buɗe jaka ta ƙirgo kuɗi daga na asusu, ta rubuta a littafi cewa rance ne ga wata malama, ba ta sa suna ba.

Da waɗannan kuɗi aka yi mini hoton nono, aka kuma sa wata allura mai kauri aka ciro ɗan tsoka daga ƙullutun aka kai ɗakin gwaji, domin ba likitan da ke da ikon yanke hukunci cewa daji ne ko ba daji ba ne da taɓawar hannu kawai, sai an duba tsokar a ƙarƙashin madubin likita. Ya kamata mata su san cewa mafi yawan ƙullutun da ake ji a nono ba daji ba ne, kuma wadda ta je aka duba aka ce mata ba komai ba ta yi hasarar kuɗinta ba, ta sayi kwanciyar rai ne. Jiran sakamako shi ne mafi nauyin abin da na ɗauka a duk jinyar, domin mutum yana koyarwa, yana girki, yana amsa gaisuwa da "lafiya lau", alhali zuciyarsa tana rataye a ƙofar wani ɗaki da bai san abin da ake rubutawa a cikinsa ba. Ranar da ya fito likitan ya sa aka shigo da maigida, ya juya takardar a gabansa, ya dube ni ya ce, "Malama, ciwon daji ne. Amma kin zo da wuri, kuma irin wanda muke sa ran warkewarsa ne, in Allah ya yarda." Na yi istirja'i, na ji maigida ma yana yi, kuma cikin dukan bayanin da ya biyo baya kalmar "da wuri" kaɗai na fita da ita.

A gida aka buɗe wata mas'ala. Gwaggona, wadda ta rene ni, kuma ba ni da shakka a kan ƙaunarta, ta zo takanas ta ce, "Ke 'yar nan, kada ki yarda su taɓa ki da wuƙa. Daji ba ya son ƙarfe, da an yanka sai ya bazu." Wannan magana ta yaɗu a ƙasar Hausa, kuma tana da asalin da ya kamata a fahimta kafin a yi musunta: mata suna zuwa asibiti bayan ciwon ya riga ya kai huhu ko hanta ko ƙashi, a yi tiyata don rage musu wari da raɗaɗi, su rasu ba da daɗewa ba, sai dangi su ɗora laifin a kan wuƙa, alhali ciwon ya riga wuƙar tafiya. Magabatan likitocin Musulunci sun gane haka tun da daɗewa, domin Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana a littafinsa at-Tasrif cewa ana iya cire wannan ciwo gaba ɗaya idan yana farkonsa kuma yana wurin da hannu zai kai, kamar nono, amma wanda ya daɗe ya girma shi bai taɓa warkar da shi ba. Malamin unguwarmu da maigida ya tuntuɓa bai ja magana ba, ya ce neman magani ba ya warware tawakkali, kuma buɗe jiki ga likita namiji idan ba a sami mace ba larura ce da shari'a ta yi rangwame a kanta. Gwaggo ba ta gamsu ba, amma ita ce ta kwana da ni a asibiti.

Da aka lissafa abin da ke gaba, watau sauran gwaje-gwaje, da gwajin da ke nuna irin maganin da ciwon zai ji, da tiyata, da ƙarin ruwan maganin daji, da gashi (watau ƙona ciwon da hasken na'ura), sai muka ga ya ninka albashina na shekara, ba kuwa abin mamaki ba ne a ƙasar da mafi ƙarancin albashi tun 2024 yake naira 70,000, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyata yake fitowa. Nan ne Mama ta zo mini da tambayar da nake ganin duk mai shirin tara wa wani gudummawa ya wajaba ya fara da ita: "Me kike so a faɗa, me kike so a rufe?" Sutura haƙƙin majinyaci ce, kuma sau da yawa mun ga an ɗauki hoton ƙirjin mace a buɗe an watsa a WhatsApp da Facebook da lambar asusun banki a ƙasa, an sami kuɗi, amma an bar ta da kunyar da za ta bi ta har bayan ta warke, ta bi 'ya'yanta mata ranar da za a zo neman aurensu. Na ce a gaya wa abokan aiki sunana da sunan ciwon, kada a sa hoto, kada kuma maganar ta kai ga ɗalibai. Haka aka yi, kuma har na gama jinya ban ji wanda ya saɓa ba.

Takardar ta zaga, na kuwa gan ta daga baya. An cire layin kuɗi, aka bar na suna da na sa hannu, kowa ya sa abin da ya sawwaƙa a ambulan, don kada mai ƙaramin albashi ya ji nauyin rubuta kaɗan a ƙarƙashin mai yawa. Baba maigadi, wanda bai iya rubutu da boko ba, ya sa sunansa da ajami. Wani malamin lissafi da muka sha saɓani da shi a kan jadawali ya yafe zubinsa na adashi a watan, ya ce a ba ni kwasarsa. Malamai Musulmi biyu suka tambayi halaccin ba da zakkarsu, aka ce musu wanda jinya ta ci ƙarfinsa ko ta jefa shi cikin bashi ya shiga sahun masu cin zakka. 'Yan'uwanmu Kirista kuma suka kai maganar ƙungiyar matan cocinsu ba tare da ambaton suna ba, suka dawo da abin da aka samu. Ranar taron iyayen yara malamai mata suka kafa rumfa a bakin ƙofa, suka soya masa, suka dafa gwaten acca, suka haɗa zoɓo da kunun aya, aka rubuta a kwali cewa ribar ta asusun jinya ce. Ranar da asibiti ya ce a kawo masu ba da jini kafin tiyata, maza uku suka tafi daga makaranta, biyu daga cikinsu mazauna unguwannin da ni ban taka ba tun 2010.

Daren tiyata ma'aikaciyar jinya ta kawo takardar amincewa, ta karanta mini ita da Hausa, na sa hannu a kan za a cire nonon gaba ɗaya tare da ƙwayoyin kaluluwar hammata. Likitoci sun yi nisa daga zamanin William Halsted na Amurka, wanda a ƙarshen ƙarni na 19 yake cire nono har da naman ƙirji. Binciken Umberto Veronesi a Italiya da na Bernard Fisher a Amurka ya tabbatar a shekarun 1980 cewa a ƙaramin ciwo cire ƙullutun kaɗai, idan an bi shi da gashi, daidai yake da cire nonon duka wajen tsawon rai. Sai dai wannan sauƙi yana rataye ne a kan samun na'urar gashi a kan lokaci, shi ya sa a wurarenmu likita da majinyaciya sukan zaɓi cirewa gaba ɗaya don su tsaya a kan tabbas. Da na farfaɗo abin da na fara ji shi ne ƙishirwa da nauyin bandeji, sa'an nan na ga siririyar roba ta fito daga gefen ƙirjina tana zubar da ruwa ja-ja cikin wata 'yar gora da aka rataye a gefen gado. Alwala ta zama sai da taimako, salla a zaune, wanka kuwa da shafa a kan bandeji kamar yadda muka karanta a babin tsarki muna yara, ba mu san ranar amfaninsa za ta zo ba. Ranar da aka buɗe ɗinkin na dubi wurin, dogon layi a kwance daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata, fata a shafe, na yi kuka mai yawa, kuma ba na ganin akwai abin kunya ko ƙarancin imani a cikin wannan kuka, domin gaɓa ce da na shayar da 'ya'yana da ita. Bayan haka aka tsayar da ni gaban bango aka ce in riƙa tafiya da yatsuna sama a hankali kowace rana don kada kafaɗa ta sandare, aka kuma gargaɗe ni kada in bari a yi mini allura ko awon jini a wannan hannu, saboda kumburin da kan biyo bayan cire kaluluwa.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wata ma'aikaciya, ba ta kai ni shekaru ba, wadda abokan aikinta suka tara mata abin da ya fi nawa yawa, har da wakilai suka zo da shi asibiti. Ta gaya mini da bakinta cewa ta fi shekara tana jin ƙullutun, tana shafa magani, tana jiran ta gama biyan wani bashi, ba wanda ya sani a ofis sai da wari ya fara fita. Kuɗin sun saya mata maganin raɗaɗi da gado mai tsabta, wannan kuwa ba ƙaramin alheri ba ne, Allah ya saka wa waɗanda suka bayar. Amma na kwana ina tunanin cewa kashi ɗaya cikin hamsin na wannan kuɗi, da ya zo a watan farko, da wataƙila tare za a sallame mu.

Wahalar da masu karo-karo ba su cika hangowa ba ita ce tiyata farkon tafiya ce. Ƙarin ruwan maganin daji duk bayan mako uku ake yinsa har tsawon watanni, kowane zagaye da kuɗinsa da gwajin jininsa, akwai jan maganin nan mai sa fitsari ya yi ja, gashin kai ya zube, abinci ya fita daga rai, kuma wadda ta tsallake zagaye saboda rashin kuɗi ta ba ciwon damar farfaɗowa. Gashin na'ura kuwa shekaru da yawa majinyatan Filato sai sun bar jiharsu, su nufi Zariya ko Abuja ko Gwambe, su nemi masauki na makonni. Ni ma na yi wannan tafiya, na kuma ga matan da suka zo daga nesa suka tarar na'ura ta lalace, suka koma gida da guzurinsu ya ƙare. A lokacin zumuɗin masu bayarwa ya riga ya kwanta, ba don mugunta ba, sai don kowa yana da nasa nauyin. Hikimar da Mama ta yi ita ce ba ta miƙa mini kuɗin a dunƙule ba, ta kasa su bisa zagayen magani, ta kuma roƙi waɗanda suka iya su yi alkawarin ɗan abu kaɗan kowane wata maimakon babban abu sau ɗaya. Shugabar makaranta ta bar mini albashina cikakke, abokan aiki suka raba darussana a tsakaninsu, wannan ma gudummawa ce da ba ta shiga ambulan ba.

Ba a ce hukuma ba ta yi komai ba. Jihar Filato ta kafa hukumar inshorar lafiyarta, PLASCHEMA, a 2019. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa. An buɗe asusun tallafa wa masu ciwon daji na tarayya a 2021 don sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, aka fara da asibitoci shida, ciki har da na Zariya da Abuja da Gwambe. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da gina cibiyoyin ciwon daji a asibitocin koyarwa shida, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana cikinsu, kuma a 2025 aka buɗe na Katsina da Inugu da Binin. Amma malamar makarantar kuɗi, da mai shara, da mai sayar da kabeji a bakin Tina Junction, yawancinsu ba su cikin kowace inshora, waɗanda ke ciki ma sukan tarar magungunan da suka fi tsada ba su shiga lissafi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ƙasashe mizani a 2021: a gano aƙalla kashi 60 cikin ɗari na masu ciwon a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala bincike cikin kwana 60, kuma kashi 80 su gama maganinsu. Biyu na farko duka a kan kuɗin farko suke tsaye, kuma wannan ne gurbin da asusun ma'aikata, duk ƙanƙantarsa, yake iya cikewa tun kafin hukuma ta iso.

A Ingila ma'aikata sukan sa tufafi ruwan hoda wata rana a watan Oktoba, ko su haɗa shayi da kek a ofis, su tara kuɗi su aika wa ƙungiyoyin bincike da jinya, domin su asibitinsu kyauta ne, kuɗinsu na neman sabon ilimi ne da ƙarin tallafi ga majinyata. A nan ma Oktoba ta zama watan tattaki da ɗaura ƙyalle ruwan hoda, kuma ƙungiyoyi irin su BRECAN, wadda Betty Anyanwu-Akeredolu ta kafa a 1997 bayan ita kanta ta yi jinyar ciwon, sun yi aiki mai yawa wajen cire wa mata tsoron faɗa. Abin da nake roƙo shi ne ma'aikatun da ke ɗinka riguna don tattakin su tambayi kansu ko akwai mace a cikinsu da ke jiran albashi kafin ta je a duba ta.

Bayan na koma aiki, ina shan ƙwayar da aka ce in riƙa sha kullum har shekara biyar, muka zauna taron asusu aka sake tsarinsa. An ware wani kaso da ba a taɓa shi don biki ko suna, aka damƙa shi ga mata biyu, Musulma da Kirista, da sharaɗin duk ma'aikaciyar da ta ji wani abu a jikinta, ƙullutu ne, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko fatar ta canja, ta sami ɗaya daga cikinsu a keɓe, a ba ta kuɗin hoto da gwaji a ranar, ba takarda, ba suna, ba a kuma bin ta bashi idan sakamako ya nuna ba komai. Malamai maza suka ce su ma suna zubi, ina matsayin matansu? Aka yi muhawara mai tsawo a kan ko asusun zai iya ɗauka, wani ya tunatar da cewa maza ma, ko da yake ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na masu ciwon ba, yana kama su. Daga ƙarshe aka ƙara zubin wata da ɗan abu kaɗan, aka shigar da matan malamai da masu shara da masu dafa abinci, aka kuma sa a cikin littafi cewa za a sake duba lissafin a ƙarshen zangon karatu na uku.